Mudu Bakwai

Ƙarfe goma sha ɗaya a Aboabo.
Mai shayin ƙasan benenmu ya kife kofuna,
motar ƙarshe ta wuce Kejetia babu fasinja,
ni kuwa ina zaune gaban manhajar adashinmu
ina ƙirga wuri nawa muka yi tambaya guda:
wannan suna da wancan, mutum ɗaya ne?

Bakwai.
Wuri bakwai, hannu huɗu, shekara shida.

Na wajen zubi yana aske sararin da ke bayan suna,
na wajen kwasa bai san ana yi ba.
Wani na ganin babban baƙi da ƙarami uwa ɗaya uba ɗaya,
wani ya raba su kamar an zo rabon gado.
Biyu kuwa Hassan da Hussaini ne, har tuntuɓensu iri ɗaya.
Na ce wane malalaci ne ya kwafa bai duba ba?
Na buɗe tarihin aikin.
Ni ce.

Kakata ta auna gero a Asawase shekara talatin
da mudu ɗaya tak, bakinsa har ya lotse.
Takan ce ranar da ka ajiye na biyu ƙarƙashin tebur,
ko ba ka nufi cuta ba,
cuta ta riga ta san hanyar rumfarka.

Sai na ƙera guda, gajere, layi tara,
na ba shi suna wanda ko baƙo zai gane.
Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya ina gogewa,
ina nuna wa kowace ƙofa rijiyar da za ta ɗiba.
Akwai daɗi a goge abu, ba a faɗa mana a makaranta ba,
irin daɗin share tsakar gida bayan taron suna.

Na saki gwaji, na miƙe ƙafa.
Kore, kore, kore, ɗari biyu da sha ɗaya.
Ja guda.

Na bakwai ne, wanda Ɗantani ya rubuta
kafin ya tattara ya koma Tamale noman shinkafa,
lambarsa ma ta daina shiga.
Shi ne mafi muni a cikinsu, duk gwiwa da ƙulli,
shi na fi jin daɗin kashewa.
Na dawo da gawarsa, na karanta a hankali.
Can tsakiya, layi ɗaya, babu bayani:
ƙ da k, a ɗauke su ɗaya.

Na nemi dalili, na samu mace.
Azumi Baƙo, mai goro a bakin masallaci.
A littafinmu sunanta na da ƙugiya,
a katinta babu,
domin injin ofishin da ya buga shi bai san harafin ba.
Sidi ashirin kullum, tun kafin a ɗauke ni aiki.
Da na kwanta a kan korayen nan,
da ranar kwasa ta zo an ce mata ba a san ta ba.

Wuta ta ɗauke.
Na zauna da hasken allo da sauro,
ina tunanin abin da ya yi kama da maimaici
alhali alƙawari ne wani ya ɗaura ya tafi.

Na ɗauko layin nan na dasa a sabon mudu.
Ya zama goma, ya ɗan karkace. Na bar shi haka.

Da safe Boakye ya duba aikin yana cin waken Hajiya Lantana.
Ya ce layi ɗari da arba'in kin zubar, madalla,
amma wannan harafi mai wutsiya fa, na mene ne?
Na ja allon gabana, na rubuta a samansa:
Kada a taɓa. Je ka sayi goro, ka tambayi sunanta.